Tambaya: a tseren keke mai dogon zango, wanne ne ya fi cin rai?

Sani Mai Faci, Jidda

Assalamu alaikum. Gardama ce tsakanina da abokin ɗakina ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, shi ne na ce bari in kawo ta gaban manya. Sana'ata gyaran keke ce a nan Jidda, kuma ranar Juma'a bayan Asuba nakan bi masu keken tsere a Kornish, mu miƙa wajen Ubhur, mu juyo kafin rana ta buɗe ido. A cikinsu ne wani ɗan Filifin da nake ɗaure wa burki ya nuna min Race Across America a wayarsa. Ana tashi daga Oceanside a Kalifoniya, bakin tekun yamma, sai an dangana da tekun gabas, kusan kilomita 4,800, kuma mai tseren shi kaɗai kwana 12 aka ba shi. Agogo ba ya tsayawa: ko barci kake, lokacinka na tafiya. Wani ɗan Ostiriya, Christoph Strasser, ya gama a kwana 7 da awa 15 da minti 56 a 2014. Na buga lissafi a bayan kwalin tif, ya kama sama da kilomita 600 kullum. Jidda zuwa Madina fa 400 da ɗoriya ce.

Ni a wurina magana ta ƙare, babu na biyunsa. Shi kuwa abokin nawa cewa yake wannan tseren 'yan gata ne, tunda mota na biye da kai da abinci da bakanike da mai matsa maka ƙafa. Wai namiji shi ne wanda ya yi facinsa da kansa da tsakar dare a dokar daji. To jama'a, ku raba mu.

Baba na Shara Mansur, Makka

Wa alaikumus salam. Sani ɗana, ni ban san na Amurka ba sai a bakinka, amma masu dogon zango na gan su da idona. A Gadarif ta Sudan aka haife ni. A da, da sanyi akan ga ayarin Turawa kan kekuna, sun taso daga Alƙahira za su Kef Tawun a Afirka ta Kudu, kilomita wajen 12,000 cikin wata huɗu. Tour d'Afrique suke ce masa, a 2003 aka fara. A lokacin ta Wadi Halfa suke shigowa Sudan, su bi Dongola, su sauka Khartum, su ratsa ta wajenmu, su fita ta Gallabat zuwa Habasha.

Na tuna wata dattijuwa cikinsu da ta tsaya wurin mai shayi a bakin titi. Hancinta ya saɓule, gishirin gumi ya yi fari a bayan rigarta, hannunta na rawa har ta kasa riƙe kofin jabana, wato gahawa, sai da hannu biyu. Yara sun kewaye keken suna lailaya sirdin. Ta huta, ta hau, ta ƙara gaba.

Amma ka lura, su da dare suna kafa tanti su kwana, babbar mota ce ke ɗauke da kayansu da tukunyarsu. Don haka in tsawo ne ma'auni, sun fi naka. In kuma tsawo ne kawai, kakanninmu da suka tako daga ƙasar Hausa suka yada zango a Mai Wurno kan hanyar Makka sun fi kowa, su da ko keken ba su da shi. Tsawo ba ya raba gardamar nan.

Injiniya Bello, Riyad

Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya faɗi gaskiya. Malam Sani, ni ina bayan abokin ɗakinka, kuma ga dalilina.

Ka ɗauki Transcontinental, wanda wani Bature ɗan Birtaniya, Mike Hall, ya kafa a 2013, karon farko daga Landan zuwa Istanbul. Yanzu yakan kai kilomita 4,000. Ba a zana maka hanya gaba ɗaya. Wuraren buga hatimi ake ba ka, kai za ka nemo yadda za ka haɗa su. Ba mai miƙo maka ruwa, ba a yarda ka laɓe bayan wani ya tare maka iska ba, kuma duk abin da za ka ci ko inda za ka kwana sai wanda kowa zai iya saya da kuɗinsa. Kowane keke na ɗauke da 'yar na'ura mai nuna inda yake, mu kuma muna gida muna kallon ɗigo-ɗigo na tafiya a taswira. In ka ga ɗigon mutum ya tsaya awa uku a gefen wani ƙauye, to yana kwance ne a rumfar jiran bas, takalminsa a ƙafa.

Wannan ma kan kwalta ne. Tour Divide daga Banff a Kanada yake farawa, ya bi ƙashin bayan duwatsun Rocky har Antelope Wells a iyakar Meziko, kusan kilomita 4,400, akasari kan tsakuwa da turɓaya. Ba kuɗin shiga, ba kyauta, kana isa ba mai tafa maka. Akwai beyar a dajin, akwai taɓon da ke cushe taya har ta daina juyawa sai ka saɓa keken a kafaɗa. Shi Mike Hall ɗin ya yi shi a kwana 13 da awa 22 a 2016. Shekara ta zagayo, a 2017, mota ta buge shi kusa da Kanbera yana cikin wani tseren ratsa Ostireliya, ya rasu. Ina faɗin wannan ne don masu ganin abin wasa ne.

Amma in ni za a tambaya, Silk Road Mountain Race na Kirgistan ne uban tafiya. A 2018 aka fara, kuma a karon nan akasarin waɗanda suka tashi ba su kai ƙarshe ba. Bai cika kilomita 2,000 ba, sai dai ana hawa mashigan duwatsu masu tsayin kusan mita 4,000, inda numfashi ke gajarta, ƙanƙara na iya sauka a watan Agusta, a tsallake rafi mai sanyi da keke a wuya, a yi yini ba a ga kanti ba. Wanda ya ci shi sau uku a jere, Sofiane Sehili, da can ɗan aike ne a kan keke a Faris. Kacarka ta tsinke a can, Malam Sani, sana'arka ce kaɗai za ta fisshe ka.

Maman Hanan, Madina

Injiniya, ka yi haƙuri, ban bi ka ba. Aikin jinya nake, dare da yawa na raba ido biyu, don haka ta nan nake kallon abin. Motar da kuke rainawa ita ce azabar. Wanda yake shi kaɗai dole ya sauka ya sayi burodi, ya nemi ruwa, ya yi faci, jikinsa na samun 'yar sarara ko bai so ba. Mai mota a baya ba shi da uzurin sauka. Ana miƙo masa abinci yana taka feda, a kwantar da shi awa ɗaya ko biyu, a tashe shi a ɗora.

A 1983 wuyan Michael Shermer, ɗaya daga cikin mutum huɗun da suka fara tseren Race Across America a 1982, ya saki gaba ɗaya, kansa ya rinƙa faɗowa sai ya tallafe haɓa da hannu. Har yau ciwon da sunansa ake kiransa, kuma za ka ga an ɗaure wa mutum kai da wani abin tallafi don ya iya ganin titi. Jure Robič na Sulobeniya, da ya ci sau biyar, an san shi da gane-gane saboda rashin barci, yana faɗa da abin da babu shi. Ga gyambon zama, ga yatsu su mutu su yi makonni ba sa riƙe cokali.

Kuma a daina cewa "namiji". Fiona Kolbinger, 'yar Jamus mai binciken cutar daji, ta riga kowa isa Brest ta Faransa daga Burgas ta Bulgeriya a Transcontinental na 2019, kwana 10 da awa 2. Lael Wilcox ta ci Trans Am, wani tseren ratsa Amurka da ba mota a baya, kusan kilomita 6,800, a 2016. Leah Goldstein ta zo ta ɗaya a Race Across America a 2021, maza na bayanta.

Injiniya Bello, Riyad

Hajiya, na karɓi gyara kan "namiji". Ga abin da zai ƙara dagula muku lissafi: Strasser ɗin nan na Malam Sani, bayan ya ci na mota sau shida, ya shiga Transcontinental a 2022 ba mota ba kowa, ya kuma zo na ɗaya. Ya maimaita a 2023.

Sani Mai Faci, Jidda

Na karanta wa abokin ɗakina duka. Ya ce Injiniya ya gama magana, na ce Maman Hanan ta gama magana, muna nan inda muke. Baba, na gode, labarin dattijuwar nan ya tsaya min a rai.

Gaskiyar abin da ya sa nake tonon zancen, ina son in gwada kaina in sanyi ya shigo, wajen Janairu. Na ji an taɓa yin tseren BikingMan a Oman, kilomita wajen 1,000 da hawan dutsen Jabal Shams, amma irin wannan sai an tara riyal kuma mai gida ya ba da hutu. Kafin nan zan fara da doguwar tafiya ta kwana ɗaya a nan gida.

Maman Hanan, Madina

To ƙanena, ka riƙe wannan. Kada ka ɗura ruwa zalla kana zubar da gumi, gishirin jikinka zai faɗi, kai ya yi ciwo, hankali ya rikice. Ka rinƙa haɗawa da ruwan gishiri da sukari na kemis, ka ci dabino tun kafin yunwa ta kama ka. Fitila gaba da baya, da riga mai ƙyalli, domin manyan motoci sun fi rana haɗari. Ka tambayi hukuma hanyar da aka yarda keke ya bi kafin ka fita, iƙamarka a aljihu. In ka ji kana gyangyaɗi a kan sirdi, sauka ka nemi masallacin gidan mai ka kwanta.