An ce ni fara ce, wai ba zan iya riƙe mutane ba

Ummi: Assalamu alaikum 'yan gidanmu. Ku yi haƙuri da dogon rubutu, raina ne a ɓace tun la'asar kuma ba ni da inda zan sauke sai nan. Makon jiya aka kawo mana masu bita a wurin aiki. Suka raba takarda mai tambaya 45, suka ce kowa ya amsa yadda yake lokacin yana yaro, wai a can halin gaskiya yake. Daga ƙarshe aka kasa mu launi huɗu. Ja mai son iko ne, shuɗi mai son kusanci da mutane, rawaya mai son nishaɗi, fari mai son zaman lafiya. Ni na fito fara. Muka yi dariya aka watse. Yau aka fitar da sunan wanda zai shugabanci sashenmu, aka ba yaron da ni na koya wa aikin da hannuna. Na je na tambayi oga, buɗar bakinsa sai ya ce ai ke fara ce, ba za ki iya tsawatarwa ba, ja muke nema. Shekara bakwai ina wurin nan. Don na yi kunya ina yarinya shi ne za a hana ni abin da na yi wa gumi? Gwajin nan ƙarya ne, kuma abin da aka yi mini zalunci ne.

Auta: Innalillahi. Anti Ummi Allah ya saka miki. Wallahi har na ji hawaye.

Yaya Babba: Allah ya musanya miki da mafi alheri. Amma Ummi, kunya kika ce? Mu da muka goya ki mun san ba kunya ba ce. Miskilanci ne. Kina 'yar shekara huɗu a kira ki sau uku ki yi kamar ba da ke ake ba.

Ummi: Yaya, ni maganar wurin aiki na kawo.

Yaya Babba: Ai ita nake yi. Takardar ta tambaye ki yarintarki, kin faɗa, ta gaya miki abin da kowa a gidan nan ya sani. Hali zanen dutse.

Anti Ladi: Miskila? Babba ka ji tsoron Allah. Miskili shi ne wanda ya raina mutane ya ƙi tanka musu. Yarinyar da idan baƙo ya shigo take ɓuya bayan randa, ita ce miskila? Kunya ce, kuma ado ce ga 'ya mace.

Maman Khalifa: Gaskiya Anti, miskilanci ba lallai raini ba ne. Akwai miskili mai kirki. Abban Khalifa bai faɗi da zagi ba.

Anti Ladi: Ke da aka kawo gidan nan Ummi tana jami'a, me kika sani a yarintarta?

Maman Khalifa: Allah ya ba ki haƙuri. Ban san sai da takardar haihuwa ake magana a nan ba.

Baba Ƙarami: Ni ba kunya na gani ba, ba miskilanci ba. Kawaici ne. Kunya daban, kawaici daban. Mai kunya ba zai iya magana ba, mai kawaici yana iyawa, ya ga dai bai dace ba. Kuma a ɗakinsu duk haka suke, gadon Inna ne.

Sadiku: Baba, da girmanka, me ya kawo Inna cikin zancen nan?

Baba Ƙarami: Yabo na yi, ɗana. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Sadiku: In yabo ne to Alhamdulillah. Don mun saba jin 'yan ɗakin Inna sanyi gare su, 'yan ɗakin Hajiya su ne masu kazar-kazar. Tun muna yara ake raba mu launi a gidan nan, ba sai Bature ya zo ba.

Dakta: Ku ba ni dama kaɗan, tunda fannin da na karanta ne. Gwajin da Anti Ummi ta kwatanta na wani Ba'amurke ne, Taylor Hartman, ya fito da shi a littafinsa na 1987. Shi ne ya ce kowa da launinsa ake haihuwarsa, shi ya sa yake cewa a amsa da halin yarinta. Ba shi kaɗai ba ne a kasuwar. Akwai na Don Lowry tun 1978, nasa launukan ma daban ne. Akwai na Thomas Erikson ɗan Suwidin na 2014, a wurinsa mai sanyin hali kore ne, ba fari ba, kuma ƙungiyar masu bin diddigin kimiyya ta ƙasarsa ta ba shi lambar wanda ya fi ɓatar da jama'a a 2018. Wato da oga ya ɗauko wasu masu bitar daban, da yau Anti koriya ce. Babu masanin halayyar ɗan Adam na kirki da zai yarda a ba mutum muƙami ko a hana shi da irin takardar nan.

Auta: Yaya Dakta to a cikin launukan ina baƙi? Ja, fari, shuɗi, rawaya. Mu baƙaƙe ba mu da hali ke nan? Kuma me ya sa fari ne zaman lafiya?

Yaya Babba: Auta kar ki kawo mana siyasa. Mu da kanmu muke cewa farin ciki da baƙin ciki, farin jini da baƙin jini. Bature ne ya koya mana?

Auta: Kuma muna cewa jan wuya, jan hali, ba wanda ya ce jarumta ta masu jar fata ce.

Maman Khalifa: Ni dai rawaya ɗin nan ban gane ba. Ruwan ɗorawa ake nufi?

Anti Ladi: Duk ɗaya ne. Rawaya ita ce tsohuwar Hausa, 'yan yanzu ne ba su sani ba sai yalo.

Ummi: Jama'a don Allah. Tambayata ita ce in rubuta ƙorafi ko in yi shiru.

Yaya Babba: Kin gani ko? Da ja ce ke, da ba ki tambaya ba, da tuni kin rubuta. Dakta, duk sunayen da ka jero ba su karya maganata ba. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake ganewa. Ko kimiyyarku ta ce yaro ba ya zuwa da halinsa?

Dakta: Yana zuwa da wani abu, Yaya, ban musa ba. Wasu likitoci biyu, Thomas da Chess, sun fara bin yara a New York tun 1956 daga jarirai har girma. Sun ga kusan 40 cikin 100 masu sauƙin reno ne, 10 masu rigima, 15 kuma irin waɗanda ba sa sakin jiki da baƙo sai a hankali. Ragowar 35 ba su shiga kowane rukuni ba, ka lura da wannan. A garin Dunedin na ƙasar New Zealand an bi yara 1,037 da aka haifa tsakanin 1972 da 1973. An duba halinsu suna shekara uku, aka sake dubawa suna 26, aka ga lallai akwai alaƙa, masu ɗari-ɗari sun fi zama manya marasa son ja-in-ja. Amma alaƙar ba mai ƙarfi ba ce, ba ta isa ka nuna mutum ɗaya ka ce ga yadda zai zama ba. Su Thomas da Chess ma abin da suka fi nanatawa shi ne dacewar halin yaro da gidan da ya tashi.

Yaya Babba: Alhamdulillah. Ka ce akwai alaƙa. Shi ke nan.

Dakta: Yaya ka karanta har ƙarshe mana.

Kawu Malam: Na ga ana ta kawo Turawa. Wannan magana an gama ta tun kafin kakanninsu. Ashajju na ƙabilar Abdul Ƙais, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaya masa yana da ɗabi'u biyu da Allah yake so, haƙuri da natsuwa. A ruwayar Abu Dawud ya tambaya shin shi ya koya ko halitta ce, aka ce masa Allah ne ya halicce shi a kansu. To akwai halin da ake zuwa da shi. Kuma ku lura, abin da ogan Ummi ya kira aibi shi ne aka yaba a nan.

Yaya Babba: Allah ya ƙara wa Kawu lafiya. Zanen dutse dai.

Kawu Malam: Ban ce haka ba, Babba, kar ka sa mini magana a baki. Imam Gazali a littafinsa Ihya ya yi raddi ga masu cewa hali ba ya sauyawa, ya ce da haka ne da wa'azi da nasiha da ladabtarwa duk sun zama banza. Sayyidina Umar da zafinsa ya shiga Musulunci, zafin bai tafi ba, amma dubi inda aka juya shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wannan ma karin maganarmu ce.

Sadiku: To Kawu tunda an zo maganar tanƙwarawa bari in faɗi abin da kowa yake kewayewa. Yaya Ummi 'yar fari ce a ɗakinmu. Ana yaye ta aka kai ta riƙo wurin Gwaggo, ba ta dawo ba sai tana shekara tara. Inna ko sunanta ba ta kira saboda kara. A can kuma in ta ɗaga ido ta kalli babba sai ta sha bulala. Yarinyar da aka rena haka, ka ba ta takarda ka ce ta faɗi yadda take tana ƙarama, me za ta rubuta? Tsoro aka dasa mata, yanzu ana kiransa halinta na asali.

Anti Ladi: Sadiku! Gwaggo tana kabarinta kake wannan magana? Matar da ta sayar da tunkiyarta ta saya wa Ummi kayan makaranta?

Sadiku: Allah ya jiƙanta, ban ce ba ta so ta ba. Na ce ta yi duka.

Baba Ƙarami: Duk mun sha duka, ba wanda ya lalace. Kai ma da an ƙara maka kaɗan da ba ka yi wa manya wannan rubutun ba.

Yaya Babba: Kuma Gwaggon nan ita ta riƙe Balaraba, ga ta nan bakinta ko reza. Gida ɗaya, bulala ɗaya, hali biyu. Ina amsarka?

Balaraba: Ni kuma me na yi aka jawo ni? Tun ɗazu ina karantawa ban ce uffan ba.

Dakta: Wannan misalin na Yaya shi ne ainihin abin da nake faɗa. Yaro mai ɗari-ɗari da yaro mai ƙiriniya ba iri ɗaya bulala take yi musu ba. Kuma akwai matsalar da ba a taɓo ba: wa yake tuna yarintarsa daidai? Abin da aka yi ta gaya maka kake tunawa. An shekara talatin ana ce wa Anti Ummi shiru-shiru, shi ta zaɓa a takarda. Sannan bayanin launukan a buɗe yake, kowa zai ga kansa a ciki. A 1948 wani malami, Bertram Forer, ya ba ɗalibansa bayanin hali iri ɗaya sak, kowa yana zaton nasa ne shi kaɗai, suka ba shi maki sama da 4 cikin 5 wajen dacewa.

Maman Khalifa: Ni dai na nemo gwajin yanzu a waya na yi, na fito shuɗi, kuma wallahi kamar a gidanmu aka rubuta.

Anti Ladi: Har yanzu ba a janye kalmar miskila ba. Ina jira.

Yaya Babba: Ba zan janye gaskiya ba, Anti. In ce kawaici in kin fi so, ma'anar dai ɗaya.

Baba Ƙarami: Ba ɗaya ba ce, na yi bayani a sama.

Ummi: Sai da safe.

Yaya Babba: Salam. Tunda ni ke riƙe da zauren, ga abin da aka tsayar jiya don waɗanda suka yi barci da wuri. Ummi ta kawo kukan wurin aiki, duk mun jajanta mata. An tattauna, kuma akasarin manya sun tafi a kan cewa mutum da halinsa ake haihuwarsa. Kawu Malam ya kawo hadisi a kai, Dakta ma ya tabbatar da binciken Turawa ya nuna halin shekara uku yana bin mutum har girma. Saboda haka gwajin bai yi ƙarya ba, sai dai oga ya yi rashin dabara wajen faɗa. Batun kunya ko miskilanci, an fahimci juna, lafazi ne kawai. Abin takaici shi ne yadda wani yaro ya taɓa mamaciya, muna jiran ya ba iyaye haƙuri a nan inda ya yi laifin. Kuma a daina kawo maganar ɗaki-ɗaki, uba ɗaya ne. Masu bashin kuɗin zumunci na watan jiya a taimaka a tura.

Dakta: Yaya ba haka na ce ba.

Anti Ladi: Ni ba a fahimci juna da ni ba.

Ummi: Na kwana ina rubuta ƙorafin, shafi biyu, na lissafa duk ayyukan da na jagoranta a shekara bakwai. Ƙarfe takwas na miƙa shi ofishin ma'aikata, na sa sun buga mini hatimi a kwafina. Dakta, turo mini sunan mutumin Suwidin ɗin da shekarar, zan buƙace su in sun kira ni.