Suwing a wasan golf: bugu ne, lilo ne, ko wulwulawa?

Jama'a, salamu alaikum. Kalma guda nake nema, kuma na san a cikinku akwai waɗanda suka fi ni Hausa nesa ba kusa ba. Me za mu kira abin da masu wasan golf ke ce wa "suwing"? Wato motsin nan da ɗan wasa ke yi tun daga jan sanda baya, har ta dawo ta wuce ƙwallo ta ƙare a bayan wuyansa. Faransawa ma ba su wahalar da kansu ba, aronta suka yi daga Ingilishi yadda take, shi ya sa a nan Yamai ko da Faransanci ake koya maka, suwing ɗin dai za ka ji.

Kafin wani ya ce ai "bugu" ne, a bar mu mu sha shayinmu, ku tsaya ku ji abin da bugu ya ja mini.

Ɗan yayata ya zo hutu daga Tawa. Ƙaƙƙarfan saurayi ne, irin waɗanda in an kaɗa gangar kokowa ba sa iya zama gida. Ran Lahadi na tafi da shi filin Rio Bravo da ke kan hanyar Tilaberi. Wanda bai taɓa zuwa ba, kar ya sa ran ganin koriyar ciyawar da ake nunawa a talabijin. Ƙasa ce da rairayi, kowa na yawo da ƴar shimfiɗarsa ta ciyawar roba da yake ɗora ƙwallo a kai. Na shimfiɗa masa, na miƙa masa sandar golf mai kan ƙarfe, mai lamba 7, na ce, "To, buga." Yaron nan ya cije leɓe, ya ɗaga sanda sama kamar mai faskare, ya sauko da ita da duk ƙarfin da Allah ya ba shi. Ƙura ta tashi, shimfiɗa ta yi gefe, ƙwallo na nan zaune yana kallonmu. A karo na biyu ya gungura bai fi taku goma ba. Ya juyo ya ce, "Kawu, ai na buga." Kuma gaskiyarsa. Abin da na ce ya yi, shi ya yi.

Mai ɗaukar mana jaka, wani bawan Allah ɗan Dogon Dutsi wanda ya fi ni iya wasan ba ma a magana, shi ya raba mu. Ya ce masa, "Samari, ka taɓa korar tsuntsaye a gonar hatsi da majajjawa?" Ya ce sosai ma. Ya ce, "To dutsen da ke ciki, dukan sa kake yi? Wulwula sandar nan kawai. Ƙwallo kan hanya yake, ba ruwanka da shi." Ya gwada sau uku a iska, a na huɗu ƙwallo ya tashi sama ya yi tafiyarsa. Shekarata nawa ina wannan wasa, ban taɓa jin an yi mini bayanin da ya kai wannan ba, da kowane harshe.

Tun ranar nake juya maganar. Hausa ba ta rasa kalmomin duka ba, har sun yi mata yawa: buga, doka, maka, narka, ɗirka, zabga, kwaɗa, gwabje. Dukansu abu ɗaya ya haɗa su, motsin yana tsayawa ne a jikin abin da aka daka. Ita kuwa sandar golf, in ta tsaya a kan ƙwallo an yi asara. Ƙwallon nan bai cika giram 46 ba, ba ya buƙatar ƙarfin ɗan kokowa. Gudun kan sanda yake buƙata, gudun kuma daga juyawar ƙugu da kafaɗu yake fitowa, hannu isar da saƙo kawai yake yi. Mai "bugu" yakan damƙe sanda har jijiyar hannu ta fito, wuyan hannu ya sandare, gudun ya mutu tun bai iso ƙasa ba. Mai wulwulawa dole ya sassauta riƙo, kamar yadda mai kalangu ke riƙe makaɗinsa: ba ya suɓuce masa, ba ya kuma shaƙe shi.

Akwai wani sharri na biyu da kalmar bugu ke haifarwa. Sabon ɗan wasa yana ganin shi zai ɗaga ƙwallo sama, sai ya jingina baya yana ƙoƙarin kwarfo shi daga ƙasa kamar mai kwasar tuwo. Alhali maƙerin sanda ya riga ya gama wannan aiki. Fuskar kowace sanda a kishingiɗe take: doguwar da ake yin bugun farko da ita, daga nesa zuwa ramin da ake son ƙwallo ya faɗa, wajen digiri 9 zuwa 12, wadda ake fita daga kwarin rairayi da ita wajen 56. Kai dai naka shi ne nauyin jiki ya tafi ƙafar dama lokacin jan sanda, ya dawo ƙafar hagu lokacin saukowa (bahago ya juya maganar), ƙarfe ya taɓa ƙwallo tukuna kafin ya taɓa ƙasa. In ka gama, cibiyarka na fuskantar inda kake son ƙwallo ya je, dunduniyar dama a ɗage. Wanda ya gama yana tangaɗi kamar an ture shi, bugu ya yi.

Don haka ni tawa shawarar: suwing, wulwulawa. Bismillah, ku kawo naku.

Na dawo daga sallar la'asar na tarar kun cika mini wuri da amsoshi, na gode. Bari in bi waɗanda suka fi tsaya mini a rai.

Da yawanku kun ce "lilo". Na gane dalili, abin yana zuwa baya ya dawo gaba. Amma lilo ba shi da ƙugu. In ka ce wa yaro ya yi lilo da sanda, hannu kaɗai zai riƙa kaɗawa jikinsa na tsaye ƙyam. Sai dai ban yar da kalmar ba, don kun ba ni abin da ban nema ba. Idan ƙwallo ya iso farfajiyar rami, inda ake ɗauko sanda mai miƙaƙƙiyar fuska a gungura shi, wannan motsin lilo ne tsantsa: kafaɗu ke kai da kawowa, wuyan hannu ba ya motsi, kai ba ya ɗagowa sai an ji ƙwallo ya tafi. Kuma kar a raina shi. Yawancin filaye masu rami 18 ana lissafa su a kan bugu 72, kuma a wannan lissafi an ware biyu biyu na gungurawa a kowane rami, 36 ke nan, rabin wasan cur. Faɗin ramin milimita 108 ne. Mu kuwa ƴan koyo sai mu ɓata awa guda muna gwada doguwar sanda don a ce mun kai nesa, mu ba lilo minti biyar. Ni kaina a nan nake zubar da wasa, ba a nesa ba.

Kun lura na ce "bugu 72". Ban kori bugu daga filin ba, wurinsa na nuna masa. A ƙidaya ya dace: rami kaza na ci da bugu biyar. A bakin mai koyarwa ne bai dace ba.

Wanda ya ce "girbi", Allah ya ba ka haƙuri, mai girbi a duƙe yake kuma jawowa yake yi wajen jikinsa. Wanda ya ce "sussuka" kuma, ai faskaren ɗan yayata ne ya sake riga.

Amsar da ta fi girgiza ni ta wani dattijo ce daga Tawa. Ya ce wulwulawa ba a yin ta sau ɗaya, majajjawa sai ta zaga kai sau uku sau huɗu kafin a saki, sandar golf kuwa zuwa ɗaya ce da dawowa ɗaya. Ya ce kalmar ita ce "shauɗa", kamar shauɗa bulala. Baba, wallahi ka sa na ajiye kofin shayi. Akwai gaskiya a ciki, don bulala ma a bakinta gudun yake, kuma da sakakken hannu ake yi. Har akwai wani gwaji da masu koyarwa ke sa mutum: ka juya sanda ka riƙe ta ta wajen kai, ka kaɗa a iska ka saurari inda ƙarar take fita. In "fyau" ɗin ya fito tun sanda na sama wajen kafaɗarka, ka zubar da gudunka da wuri. In ya fito a ƙasa, daidai ƙwallo ko gaba da shi kaɗan, ka samu. Wannan ƙarar, shauɗawa ce, ba musu.

Amma da girmanka, Baba, ba zan ba ta dukan motsin ba. Shauɗa ƴar gidan duka ce, in ka faɗa wa wanda bai taɓa riƙe sanda ba, wuyan hannu zai sa ya fyaɗa, ƙafa da ƙugu suna barci. Ƙwallon da aka fyaɗa haka shi ne wanda ke tashi ya lanƙwashe dama ya shige ƙaya, saboda fuskar sanda ta iso a buɗe tana yankar sa a kaikaice. Daga nan sai nema, dokar wasa kuwa tun 2019 minti 3 kacal ta ba ka. Na bar shauɗa a matsayin sunan ƙarshen motsin, wurin da sanda ke wuce ƙwallo. Zancen yawan zagaye kuma, wanda ya wulwula sanda sau ɗaya ya jefi mangwaro, ai duk mun yarda ya wulwula.

Wasu sun karkata kan sunan wasan kansa. Na san gidajen rediyo na cewa ƙwallon lambu, kuma ban yi faɗa da su ba, sai dai wanda ya kira filinmu lambu bai zo cikin watan Afrilu ba. Asalin wasan ma ba a lambu ya tashi ba. A tuddan rairayi na gaɓar tekun Sikotilan ya girma, inda a 1457 sarkinsu James na biyu ya hana shi don yana ɗauke hankalin maza daga koyon harbin baka. Sunan "ƙwallon gora" da wasu ke kiransa kuma yana rikicewa da wasan hoki. Ni "golf" ɗin bai tsaya mini a maƙogwaro ba, na bar shi.

Saura guda da ban gama da ita ba: "handikaf". A Yamai in ka tambayi mutum nawa ne handikaf ɗinsa, sai ya ɗauka naƙasa kake jingina masa. Abin nufi shi ne adadin bugun da ake rage wa wanda bai ƙware ba don ya iya karawa da gwani, kuma a tsarin da duniya ta koma kai a 2020 yana kaiwa har 54. Wani ya ce "rangwame", amma wannan ya yi mini ƙamshin kasuwa. Ni "rata" nake ji, kamar yadda babba ke ba ƙaramin yaro rata kafin a fara tsere. Ɗan yayata ya riga ya karɓe ta, jiya da dare yana ce mini, "Kawu, ran Lahadi ratar nawa za ka ba ni?" Na ce 18, ɗaya a kowane rami. Ya ce sai dai 36.