Neman shawara: ina son canza mastan birkin tsohuwar jif ɗina

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da tsohuwar jif ƙirar 1968, mai shan fetur. Ƙafafunta huɗu duk birkin dirom ne, mastan (famfon da ke tura man birki zuwa ƙafafu in an taka fedal) mai layi ɗaya ne, kuma babu sabo (wato servo, na'urar da ke ƙara wa ƙafa ƙarfi wajen taka birki). Makon jiya ina saukowa daga wata gangara mai duwatsu, sai tiyon birkin baya ya fashe. Na taka fedal, ya tafi har ƙasa kamar babu komai a ƙarƙashinsa. Da giya ta ɗaya da birkin hannu na samu ta tsaya, ɗana yana zaune a gefena. Tun ranar hankalina bai kwanta ba.

Ina so in koma masta mai layi biyu. Na auna ramin fistin na mastan da ke kai, inci 1 ne. Wani ya ce in sa mai inci 1 da 1/8, wai zai fi kamawa tunda na sa mata tayoyi masu inci 33. Kuma ina da niyyar mayar da birkin gaba na diski nan gaba. Masana, don Allah ku haska mini.

Wani tsohon makanike:
Wa'alaikumus salam. Allah Ya ƙara tsarewa, Ya raya yaron. Komawa layi biyu kam ka yi tunani mai kyau. Yawancin motocin wancan zamani, irin su Land Cruiser FJ40 na farko da Land Rover Series IIA, da layi ɗaya suka zo, wuri guda ya tsiyaye ka rasa ƙafa huɗu gaba ɗaya. Shi ya sa Amurka ta wajabta layi biyu ga sababbin ƙananan motocin fasinja tun 1968. Gaba daban, baya daban, ɗaya ya mutu ɗaya ya riƙe ka.

Amma maganar babban rami, ɗana, a nan ne mutane ke yin kuskure. Babban masta ba ya ƙara ƙarfin birki, rage shi yake yi. Ƙarfin ƙafarka yana rabuwa ne a kan faɗin fistin. Faɗin fuskar mai inci 1 kusan murabba'in inci 0.79 ne, na mai inci 1 da 1/8 kuwa 0.99. Ka ga da taku iri ɗaya, matsin man da zai isa ƙafafu zai ragu da kusan kashi 21 cikin 100. Fedal zai yi tauri ya tsaya a sama, ka ji kamar birki ya gyaru, alhali motar tana ta tafiya kana miƙewa a kansa. Ga manyan tayoyinka kuma sun riga sun ci wani kaso, domin daga inci 30 zuwa 33 kaɗai kusan kashi 10 ne ya tafi. Babu sabo, ka tsaya a inci 1.

Wani mai irin motar:
Baba ya faɗi gaskiya. Abin da zan ƙara, kafin ka zargi masta da doguwar tafiyar fedal, ka ɗaure takalman birki tukuna. Waɗannan tsofaffin da hannu ake saita su, wasu ma silinda biyu ne a kowace ƙafa. Ka matsa har tayar ta ƙi juyawa, sannan ka sassauta kaɗan-kaɗan.

Wani ɗan'uwa:
Ni dai babba na sa a tawa, kuma lafiya lau take.

Tsohon makaniken:
Taka tana da sabo, ko ba haka ba? Shi ke taimakon ƙafarka. In mai tambaya zai sa sabo, maganar ta canza. Injinsa na fetur ne, zai samu zuƙar iskar da sabo ke aiki da ita daga manifol, bututun da ke shigar da iska cikin injin. Mai dizal sai ya nemi famfo na daban.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Baba. To in na sayi mastan dirom yanzu, zai yi mini aiki ranar da na sa diski a gaba?

Wani mai haɗa tsofaffin motoci:
Malam, nan ka kula sosai. Mastan dirom yakan zo da ɗan bawul a bakin fitar mai, wanda ke riƙe matsi kamar fam 10 a layi don robobin silinda su zauna daram. Dirom yana da sifirin mai janyo takalmi baya, don haka bai dame shi ba. Diski ba shi da wannan. In ka bar bawul ɗin a layin gaba, kalifa, wato abin da ke matse faifan diski, zai riƙa shafar faifan, ya yi zafi, ya cinye fad. Ranar da ka sa diski sai ka cire na gaba ka bar na baya, ka ƙara bawul mai rage matsin baya don kada ƙafafun baya su riga kullewa. Kalifa kuma ya fi shan mai, ka tabbata tankin mastan yana da girma. In canjin ya kusa, ka haɗa aikin lokaci guda.

Sai sandar da ke tura fistin. Na taɓa barin tawa ta yi tsawo da ɗan kaɗan. Na fita lafiya, bayan 'yar tafiya motar ta fara nauyi, na sauka na kai hannu kusa da dirom, zafi kamar garwashi, ga warin ƙonewa. Fistin bai koma baya ya buɗe ƙaramin ramin da mai ke komawa tanki ba. Ka bar ɗan wasa a saman fedal kafin sandar ta taɓa fistin.

Tsohon makaniken:
Kada ka ɗaura sabon masta a bushe. Ka kama shi a bais, ka cika shi, ka mayar da 'yan gajerun bututu cikin tankinsa, ka riƙa turawa a hankali har kumfa ta ƙare. Sannan ka cire iska a ƙafafu, ka fara da wadda ta fi nisa da masta. Mai kuwa DOT 3 ko DOT 4, sabuwar kwalba, domin yana shan danshi. Sabon DOT 4 yana jure zafin aƙalla digiri 230 na Selsiyus kafin ya tafasa, in ya sha ruwa ya sauko wajen 155. Kada ka haɗa da DOT 5, na silikon ne. Ka duba zaren noti da bakin bututu su dace, kar a tilasta. Kuma tunda tiyo ɗaya ya fashe, sauran sa'anninsa ne, ka canza su duka.

Mai tambaya:
Allah Ya saka da alheri. Zan ɗauki mai inci 1 mai layi biyu, in canza tiyoyin duka, diski kuma sai na shirya sabo tare da shi. Zan gwada ta a fili tukuna kafin in sake ɗaukar yaron.