Ɗakin da muka kama ya zama tanderu, mi kuke yi da zafin ga?

Amaryar Mabera:
Salamu alaikum jama'a, don Allah a taimaka min da shawara. Mun tare a gidan haya nan unguwar Mabera cikin Sakkwato, ciki da falo, ginin bulo ne rufin kwano babu silin, tunda watan Maris ya kama ban yi barcin kirki ba, rana ta faɗi amma bango kamar an ɗora shi kan murhu har ƙarfe biyun dare, ga ba a kawo wuta sosai, yarona duk ƙurajen zafi sun fito mishi a wuya. Duk tagogi a buɗe nike barinsu wuni guda amma ba sauƙi. AC dai kar ma a kawo maganarta, ba halinta.

Baban Yara Arkilla:
Wa alaikumus salam. Amarya ai nan kika yi kuskure, buɗe taga da rana a Sakkwato zafi kike gayyata. Watan Afrilu iskar waje da azahar tana wuce digiri 40, in ta shiga bulo ya shanye ta, dare ya yi ya riƙa amayo miki. Ki rufe tagogi tun wajen ƙarfe tara na safe ki saki labule mai kauri, tagar da ke kallon yamma kuma a rataya mata asabari ta WAJE, ba ta ciki ba, don rana in ta riga ta taɓa gilas an gama. Bayan isha'i sai ki buɗe komi har ƙofa iska ta ratsa. Amma gaskiya babban ciwon kwanon nan ne, ku lallaɓa mai gida ya sa silin a cire a kuɗin haya, in ya ƙi ko tabarmin kaba aka jera ƙarƙashin kwanon da sauƙi.

Hajiya Inna:
Ɗiyata mu da munka tashi cikin ginin ƙasa da azara ba mu san wannan wahala ba, da tsakar rana ka shiga soro kamar an yi yayyafi, yanzu kowa ya rushe ya koma siminti wai ci gaba. To. Ki nemi randa, ki aje ta inuwa bisa rairayi mai lema, ki lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu, ruwan sai ya fi miki na firij daɗin sha. Da la'asar ki yayyafa ruwa tsakar gida, dare ku fito waje da tabarma, amma da gidan sauro fa. Kar ku cunkushe ɗaki guda, lokacin sanƙarau ne, ba mu manta annobar 2017 ba.

Amaryar Mabera:
Inna na gode Allah ya ƙara girma, randa kam gobe zan aika kasuwa. Baban Yara ni tsoron rufe taga nike kar mu dahu a ciki wallahi 😅

Mai Sola Gawon Nama:
Ba za ku dahu ba hajiya, ki gwada kwana biyu ki gani, sai dai kar a yi girki ciki, gas ko gawayi a fitar waje. In da ɗan hali ki sayi fanka mai caji da ƙaramin faifan sola, rana dai ba mu rasa ta ba a garin nan. Ki jiƙa zani ki matse ki rataya gabanta, iskar bazara busasshiya ce shi yasa ruwan ke tashi da sauri ya tafi da zafin. Amma in gajimare ya fara haɗuwa wajen ƙarshen Mayu dabarar ta daina aiki, sai gumi kawai. Da dare kuma ki aje fankar bakin taga ta jawo ta waje. Yaron a rage mishi kaya, a yawaita mishi wanka, in kin ga ya yi laushi ko fitsari ya ragu sosai kar ki tsaya jiran shawarar intanet, asibiti kawai.

Baban Yara Arkilla:
Na manta, in da fili ku dasa dogon yaro ta yamma da ɗakin. Nawa shekara huɗu kenan, yanzu ƙarƙashinsa nike sallamar baƙi.