Daga gadar Rumichaca zuwa Cartagena da mota: kwana uku zai isa?

Abu_Hanan:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san hanyoyin Kolombiya. Niyyata in shiga ƙasar da mota ta gadar Rumichaca daga Ekwador, in bi ta Pasto, Cali da Medellín har Cartagena a bakin teku. Motar Toyota RAV4 ce mai fetur, otomatik, lambar Ekwador, takardunta da sunana suke, fasfona kuma na Najeriya ne. Mu huɗu ne har da yara biyu. Taswirar waya ta nuna mini kusan kilomita 1,500, sai na yanka wa tafiyar kwana uku. Shin zai isa? Waɗanne takardu za a nema a iyaka? Kuma in an kai Cartagena, akwai hanyar da mota za ta bi ta wuce Panama? Allah ya saka da alheri.

Injiniya_Garba:

Wa alaikumus salam. Malam, kwana uku ba zai yi ba, musamman da yara a mota. Ka sa biyar, in da hali shida. A Kolombiya ba da kilomita ake auna tafiya ba, da hawa da gangara ake aunawa, domin tsaunukan Andes sun rabu gida uku a cikin ƙasar, hanyar da ka zaɓa kuma tana hawansu tana sauka sau da yawa.

Ipiales, garin da ke bakin iyaka, yana kan tudun kusan mita 2,900. Daga nan zuwa Pasto kilomita 80 ne, tagwayen hanya ce a yawancinta, babu matsala. Aikin yana farawa bayan Pasto. Zuwa Popayán kusan kilomita 250 ne, amma ka ba shi awa shida. Hanya ce ɗaya mai hannu biyu, kwana a kan kwana, za ta gangara da kai daga sanyin mita 2,500 zuwa kwarin Patía wajen Remolino da El Bordo, inda zafi yake kamar ya dafa mutum, sannan ta sake hawa zuwa Popayán a mita 1,700. In ka faɗa bayan tirela a wurin hawa, haka za ka bi ta a gudun kilomita 20 har sai layin tsakiya ya ba ka damar wucewa. Layi biyu masu ruwan ɗorawa a tsakiyar titi haramcin wucewa ne, kuma 'yan sanda sun san kwanonin da direbobi ke ƙosawa.

Popayán zuwa Cali kusan kilomita 140, awa uku. Daga Cali za ka samu sarari a kwarin Cauca ta Buga da Tuluá, shimfiɗaɗɗiyar hanya tsakanin gonakin rake. Cali zuwa Medellín kusan kilomita 420, ka ba shi wuni guda. Medellín zuwa Cartagena kusan 640 ne, motocin haya kan yi awa goma sha uku ko fiye, don haka dole ka raba shi biyu.

Abin da ke ƙayyade komai shi ne rana. Kusa da tsakiyar duniya kake, gari yana wayewa wajen shida, rana tana faɗuwa wajen shida, kusan duk shekara, kuma duhu ba ya jira. Ka tashi bayan asuba, ka shiga masauki kafin huɗu da rabi. Tsakanin Pasto da Cali, da kuma tsakanin Yarumal da Caucasia a arewacin Medellín, kada ka yarda dare ya same ka a hanya. Yankuna ne da ƙungiyoyin 'yan bindiga ke da ƙarfi, ga hazo, ga manyan motoci.

Wata huɗu na shekara sun fi wahala: Afrilu da Mayu, sai Oktoba da Nuwamba, lokacin ruwa a tsaunuka. Ƙasa takan zaftaro ta rufe titi. A Janairun 2023 zaftarewar da aka yi a Rosas, kudu da Popayán, ta yanke babbar hanyar tsawon makonni, har fetur ya yi ƙaranci a Pasto. Ban da ƙasa, masu zanga-zanga a jihar Cauca kan datse wannan hanyar, wani lokaci na awoyi, wani lokaci na kwanaki. Kowace safiya kafin ka tayar da mota ka kira #767, layin bayanin hanyoyi ne na hukumar Invías, ka kuma tambayi direbobin tirela a gidan mai. In taswirar waya ta nuna maka ratse ta Pasto zuwa Mocoa, kada ka bi. Hanya ce ƙunci a gefen kwazazzabo, ba ta mai iyali ba ce.

Maman_Sadiq:

Ɗan'uwa, batun takardu ka fara tun kana gida. Mai fasfon Najeriya yana buƙatar bizar Kolombiya, ta intanet ake nema a shafin ma'aikatar harkokin wajensu, kuma kowa da tasa har yaran. Ba a bayarwa a kan gada. Akwai kuma fom ɗin Check-Mig na hukumar shige da fice, a cike shi kafin ranar shiga.

A Rumichaca jerin aikin haka yake: a buga muku hatimin fita a ɓangaren Ekwador, ka daidaita fitar motar da kwastam ɗinsu, ka tsallake, a buga muku hatimin shiga, sannan ka je ofishin DIAN, su ne kwastam ɗin Kolombiya, a ba motar izinin shiga na wucin gadi. Za su so fasfo mai hatimin shiga, lasin tuƙi, da takardar mallakar mota, su kuma duba lambar shasi su ga ta dace da abin da ke rubuce. Ka tanadi kwafi biyu na kowace takarda. Kwanakin da za a ba motar suna bin kwanakin da aka ba ka, in naka suka ƙare nata ma sun ƙare, motar da ta wuce wa'adi kuwa ana iya ƙwace ta. Za ka ga motocin yankin iyaka suna wucewa ba su tsaya ba. Nasu tsarin daban ne, kai mai nisan tafiya kada ka bi sahunsu.

Daga nan sai inshorar dole, SOAT. A Ipiales za ka saya kafin ka kama hanya. In aka tare ka babu ita, tara ce, sannan a ɗauke motar zuwa wurin ajiyar hukuma.

Dokar hanya ta 2002 ta lissafa kayan da dole su kasance a mota, kuma ana tambayarsu a shingen bincike: jak, sifanar taya, safaya, alamun gargaɗi masu kusurwa uku guda biyu, weji biyu na tare taya, abin kashe gobara wanda wa'adinsa bai ƙare ba, akwatin magani, akwatin kayan aiki da tocila.

Katin rigakafin shawara, wannan mai ruwan ɗorawa da aka saba da shi a filayen jirginmu, ka sa shi tare da fasfo. A Afrilun 2025 Kolombiya ta ayyana dokar ta-ɓaci ta lafiya saboda cutar, jihar Tolima ce ta fi kamuwa. Wanda bai yi allurar ba, sai ta kwana goma a jikinsa kafin a ɗauke ta a matsayin mai aiki.

Abinci kuma sai da lura. Naman alade yana shiga wuraren da ba a zato, musamman a yankin Medellín: waken da ake dafawa a gidajen abincin bakin hanya sau da yawa da kitsensa ko ƙafarsa aka dafa shi, haka tamal (wani irin alala na masara) da chorizo (tsiran-alade). Ka ce "sin cerdo", wato ban da alade, ka kuma tambayi da me aka dafa waken. Mafi sauƙi shi ne kifi: trucha a tsaunuka, mojarra a ƙasa mai zafi, da shinkafa da soyayyar agada. Masallatai kuwa sai a manyan birane, don haka a riƙe darduma da buta a mota.

Direban_Dogon_Zango:

Injiniya ya yi bayani, amma ni ban ga dalilin bi ta Medellín ba sai in akwai abin da zai kai ka can. Bayan La Pintada, wadda take a gindin kogin Cauca, za ka hau Alto de Minas ka sauka Medellín, ka sake hawa Santa Rosa de Osos a mita 2,500 da ɗoriya, ka ratsa hazon Ventanas bayan Yarumal, sannan ka gangara har Puerto Valdivia a bakin kogi. Wahala ce ga mota da yara.

Ga wata hanyar: daga Cali ka nufi Armenia, ka shiga ramin La Línea, titin da aka huda ta cikin dutse, daga Calarcá. An buɗe shi a Satumbar 2020, tsawonsa kilomita 8.65, kuma masu tafiya ta wannan fuskar ne ke bi ta cikinsa, don haka ka huta da hawan ƙololuwar da ta haura mita 3,200. Ka sauka Ibagué, ka bi Honda da La Dorada, ka kama babbar hanyar Ruta del Sol a kwarin kogin Magdalena ta Aguachica har Bosconia. Daga Bosconia ka yi yamma ta Plato da El Carmen de Bolívar zuwa Cartagena. Ta fi tsawo, akwai zafi sosai, kuma akwai wuraren da aikin titi bai ƙare ba, amma bayan Ibagué ka gama da manyan tsaunuka.

Kuɗin tolget suna da yawa a kowace hanya ka bi, peaje suke ce masa. Ka riƙe peso a hannu, ƙananan takardu. Mai kuma da galan ake sayarwa ba lita ba, galan ɗaya lita 3.8 ne, kada farashin allon ya ruɗe ka. Corriente shi ne fetur na yau da kullum, ACPM dizal ne. Dokar 2022 ta sa iyakar gudu kilomita 50 a cikin gari, 90 a manyan hanyoyi, sai wasu tagwayen hanyoyi da aka yarda a kai 120, amma allon da ke wurin shi ne hujja, akwai kuma kyamarori. Pasto, Cali da Medellín duk suna da tsarin hana wasu lambobin mota fita a wasu ranaku da awoyi, pico y placa, ka tambaya a otal ko ya shafi lambar waje. Ranakun hutun ƙasar yawancinsu Litinin suke faɗawa, kuma a irin wannan Litinin ɗin hanyoyin shiga birane kan cika maƙil.

Abu_Hanan:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na mayar da shi kwana shida. Injiniya, motar otomatik ce, yaya zan yi da ita a waɗannan gangarori? Me kuma zan sa bakanike ya duba?

Injiniya_Garba:

Wanda ya san Hawan Kibo a hanyar Jos ya san irin abin, sai dai a nan gangara ɗaya takan ɗauki awa guda ko fiye ba ta sake ka ba. Abin da ke kashe birki shi ne ɗora ƙafa a kansa a hankali tun daga sama har ƙasa. Faifan yana ɗaukar zafi, zafin ya wuce zuwa man birki. Man birki kuwa yana shan laima daga iska da daɗewa, in ya yi zafi ruwan da ke cikinsa ya zama tururi, sai ka taka birkin ya nutse har ƙasa mota ba ta tsaya ba.

Don haka kafin tafiya a zubar da tsohon man birki gaba ɗaya a zuba sabo, irin wanda aka rubuta a murfin, DOT 3 ko DOT 4, in ya haura shekara biyu a ciki. A duba kaurin takalman birki gaba da baya. A kan gangara ka cire giyar daga D ka sa ta a 2, ko L in wurin ya yi tsanani, ko ka sauko da ita da hannu in motarka tana da wannan tsarin. Injin zai yi ƙara, wannan ba lahani ba ne, shi ke riƙe motar. Birki kuma ka taka shi da ƙarfi na ɗan lokaci, gudu ya ragu, ka ɗaga ƙafa ya sha iska. In ka ji ƙauri ko birkin ya yi laushi, ka samu fili ka tsaya rabin awa, ka sa weji a taya. Kada a watsa wa faifan ruwa, lanƙwashewa yake yi.

A wurin hawa kuma za ka ji motar ta yi sanyi. Injin da ba shi da turbo yana rasa kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 300, wato a Ipiales kusan kashi 30 ya tafi. Ka tuna da wannan kafin ka fito wuce tirela. A duba murfin lagireto, domin a tudu ruwa yana saurin tafasa, murfin da ya saki kuwa ba ya riƙe matsi. A duba fanka, fanbel da robobin ruwa. In allurar zafi ta fara hawa a bayan tirela, ka kashe AC. Iskar taya a auna ta da safe tayar tana da sanyi. Masu faci suna ko'ina a bakin hanya, allonsu montallantas.

Yaran kuma kada a ba su abinci mai nauyi kafin a shiga kwanoni, a tanadi leda da ruwa.

Baban_Ummi:

Saura tambayarka ta Panama. Babu titi. Babbar hanyar da ta ratsa nahiyar ta yanke a dajin Darién, kusan kilomita 100 tsakanin Yaviza a Panama da yankin Chigorodó a Kolombiya, daji ne da fadama da koguna. A 2023 mutum fiye da 500,000 suka ratsa shi da ƙafa, har da 'yan Afirka, da yawa sun mutu a ciki. Duk wanda ya ce maka akwai ratsen da mota ke bi, neman kuɗinka yake.

Mota a kwantena ake sa ta daga tashar Cartagena zuwa Colón a Panama, ku kuma ku bi jirgin sama, bayan kun samu bizar Panama. Kwantena mai ƙafa 40 tana ɗaukar motoci biyu irin taka, shi ya sa matafiya kan haɗa kai su raba kuɗin. Ka nemi wakilin tashar makonni kafin ka iso, domin akwai rufe izinin DIAN, akwai kuma binciken 'yan sandan yaƙi da ƙwayoyi, inda ake fito da duk kayan motar a baje a ƙasa. Tankin mai ya kasance kusan babu komai, rubu'i ko ƙasa da haka. Ka ware wa wannan aikin mako guda a Cartagena, ka tabbatar kuma kwanakin izinin motar za su kai ranar da jirgin zai tashi.