Yaya za a horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci kan rashin jituwar jiki da magani?

Ma'aikaciyar jinya:
Assalamu alaikum. An ɗora mini nauyin shirya horo ga likitoci da ma'aikatan jinya na asibitinmu, inda ba mu da ƙwararre ko ɗaya a fannin alaji, wato rashin jituwar jiki da magani ko wani abu. Abin da muka saba shi ne, da zarar majinyaci ya ce jikinsa ba ya karɓar fenisilin, sai a rubuta da jan biro a katinsa a canza masa wani magani, wanda galibi ya fi tsada. Me ya kamata horon ya ƙunsa, kuma ina ne iyakar abin da za mu iya yi da kanmu?

Likita a babban asibiti:
Wa'alaikumus salam, Sista. Ki fara da koya musu yadda ake yi wa majinyaci tambaya, domin a nan aka fi sakaci. A Amurka da Ingila kusan mutum 1 cikin 10 na cewa fenisilin ba ya karɓarsa, amma idan aka gwada su, kimanin 9 cikin 10 suna shan maganin lafiya lau. Wani gudawa kawai ya yi, wani kuma ƙurajen zazzaɓin da ake yi masa magani ne suka feso masa yana yaro, aka ɗora wa maganin laifi. Ko ƙaiƙayin kulorokwin da mutanenmu suka sha fama da shi ba alaji ba ne.

Ma'aikaci ya tambayi sunan maganin, da shekarar da abin ya faru, da tsawon lokacin da aka ɗauka tsakanin shansa da bayyanar alamun, sannan ya ji ko an samu kumburin fuska, sarƙewar numfashi, suma ko saɓulewar fata. Likitoci a Ostireliya sun fitar da ma'aunin PEN-FAST a 2020 don tantance irin wannan haɗari, kuma a 2022 ƙungiyar masana alaji ta Birtaniya ta fitar da ƙa'idar da ta ba waɗanda ba ƙwararru ba damar gwada masu ƙaramin haɗari da amoksisilin, wanda dangin fenisilin ne, ta baki. Abin ya shafe mu sosai, domin yaro mai sikila da mai ciki da ke ɗauke da tunjere duk fenisilin suke bukata, kuma jan biron nan yana iya raba su da shi ba gaira ba dalili.

Tsohuwar jami'ar jinya:
Likita ya yi gaskiya, amma ni da ni ce, da adrenalin zan fara. Na sha ganin majinyaci yana kakari bayan allura, ma'aikaci ya ruga neman haidrokotizon da Piriton, alhali adrenalin na kulle a durowa, makullin kuma yana aljihun wanda ya fita. Adrenalin ne maganin farko na irin wannan alaji mai tsanani: ga babba miligiram 0.5 na mai ƙarfin 1:1000, a cikin tsokar gefen cinya ta waje, a maimaita bayan minti 5 idan bai samu sauƙi ba. A kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, sai dai idan numfashi ya yi masa wuya a bar shi a zaune, kuma kada a miƙar da shi tsaye. Ƙa'idar Birtaniya ta 2021 ma ta cire haidrokotizon da Piriton ɗin daga matakin farko.

'Yata, kada ki tsaya ga lacca. Kowa ya zuƙi ruwa a sirinji da hannunsa, ya nuna wurin da zai soka, har hannunsa ya daina rawa.

Mai harhaɗa magunguna:
Ina da jan hankali kan batun gwaji. Akwai wanda ba a sake ba shi maganin har abada, wato wanda ya taɓa yin zazzaɓi tare da gyambon baki, jan ido da saɓulewar fata kwanaki ko makonni bayan fara magani. Wannan ita ce cutar Stevens-Johnson, kuma Septrin, Fansidar, nebirafin da kabamazafin suna cikin masu jawo ta. A dakatar da maganin nan take, a tura majinyacin babban asibiti, a kuma cike takardar rahoto mai ruwan ɗorawa ta NAFDAC. A rubuta sunan maganin da ainihin abin da ya faru a kati, domin kalmar alaji ita kaɗai ba ta amfanar wanda zai karɓi aiki bayanku.

Ma'aikaciyar jinya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Likita, shin nas za ta iya yin gwajin amoksisilin ɗin ita kaɗai?

Likita a babban asibiti:
A'a, sai da rubutacciyar ƙa'ida da asibiti ya amince da ita, da yardar majinyaci, likita yana kusa, adrenalin da iskar oksijin suna gefen gado, kuma a sa masa ido aƙalla awa ɗaya. Wanda ya taɓa suma ko numfashinsa ya sarƙe, a tura shi asibitin koyarwa.