Santsi da Taɓo: me ya raba 'yan PRP?

Ɗan Ƙofar Sauri: Jama'a, kawunnai biyu nake da su a Katsina, duk 'yan jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano ne, amma har gobe ba sa zama tabarma ɗaya in an tayar da zancen Santsi da Taɓo. Me ya haɗa su?

Dattijon Daura: Yaro, a 1980 abin ya ɓarke. Gwamnonin PRP biyu, Abubakar Rimi na Kano da Balarabe Musa na Kaduna, suka riƙa zama da gwamnonin jam'iyyun adawa na UPN da GNPP, uwar jam'iyya ta hana, suka ƙi ji. Masu bin Malam Aminu Kano su ne Taɓo, masu bin gwamnonin kuma su ne Santsi, Michael Imoudu ya zama jagoransu. Ni Taɓo ne, ban canza ba.

'Yar Sabon Layi: Baba, a gafarce ni, amma 'yan Santsi gani suke manyan jam'iyya sun fara sassauta wa NPN mai mulkin ƙasa a lokacin. Kuma lokacin Katsina tana cikin jihar Kaduna. Da majalisa ta tsige Balarabe a 1981, ɗan ƙasarmu Abba Musa Rimi ne ya hau kujerar gwamna.

Dattijon Daura: To 'yata, ina Rimin Kano ya ƙare a 1983? Jam'iyyar NPP. Sabo Bakin Zuwo na PRP ya kayar da shi a zaɓen gwamna.